Tulun Iri da Fallayen da Gara Ta Rage

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya kan taso daga gabas kamar da gaske, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a koma ana share gumi. Jikata Rabi, wadda ke makaranta a Gumel, ta zo hutu da jakar littattafan boko, kullum bayan azahar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta karanta mini, tunda idona ya daina aikin da. Shekaranjiya labarin wasu matafiya ne, jiya kuma yadda tsiro ke shan ruwa. Da ta gama na karɓi littafin na jijjiga shi, ko falle ɗaya bai faɗo ba, an ɗinke su gam.

"Kaka, me kike nema a ciki? Goro?" in ji Rabi.

Na ce mata, "Ke dai kin samu duniya a ɗinke, yarinya. Mu namu littafin ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya watse."

Ta yi dariya, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wata bazarar, wadda ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama a ƙasar nan ba, jirgin ƙasa ma labarinsa kawai muke ji, wai ya iso Kano. Ina ƙuruciyar aure a nan Ɗanzomo. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, muna kallo ganye ya naɗe, ya yi fari, ya mutu a tsaye. Ɗan abin da muka samu, uwar mijina, wadda duk gida ke kira Inna, ta zauna ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ta sussuke da hannunta, ta cuɗa da toka saboda ƙwari. Ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, ta sa aka binne a ƙarƙashin gadonta na kara. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wannan ba abinci ba ne. Gonar baɗi ce. Wanda ya taɓa shi ya taɓa ni."

Kafin zafi ya kankama rumbu ya zama fayau. Maigida ya kora jakinmu tare da mazan unguwa suka yi kudu neman hatsi. Gida ya rage mu uku: ni, da Inna, da yarinyar. Yarinyar 'yar farina ce, ba a daɗe da yaye ta ba, don haka a idon mutane ba tawa ba ce, ta Inna ce. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban kowa, in ta faɗi sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan shekara.

Da sassafe, kafin rairayi ya ɗauki wuta, mukan fita daji mu mata. Wasu su tsinko anza, wasu su sharo ƙarangiya, ƙayarta ta cika zane da yatsu. Anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana canza ruwa, duk da haka ɗacinta na nan a maƙogwaro har washegari. Mun tone gidajen tururuwa mun ƙwace ɗan tsabar da suka tara, ina tonawa ina jin kunyarsu. Rijiya kuwa kullum sai an ƙara wa guga igiya, ruwan ya fito da laka. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun turmi. Garin da da hantsi ba ka jin komai sai luguden taɓare, ya zama ko zakara ba ya cara, don an cinye zakarun.

A kakar shekarar mahaifina ya rasu a Gumel. Malami ne, shi ya koya mini karatu tare da yayyena maza, har ɗan Larabcin da nake tsinta. Da aka zo rabon littattafai, yayyena, Allah ya jiƙansu, suka ɗauki masu lafiya a cikin gafakarsu, ni aka tattaro mini waɗanda gara ta shiga ta cinye musu fata, aka ɗaure a buzu aka aiko. Littafin wancan zamani ba a ɗinke yake ba, fallaye ne ake jerawa. Da fatar ta tafi sai duk suka cakuɗe, na likitanci a cikin na fiƙihu, waƙa a cikin nahawu. Na ji haushi ƙwarai, na cusa ƙullin a saman ɗaki ban ko kwance ba.

Wata rana da tsakar rana muna kwance a inuwar ɗaki, zafi kamar a bakin murhu, cikin Inna ya yi wata ƙara har yarinyar ta waiga. Inna ta ce, "Ke 'yar malam, wannan tarkacen da kika gada ba a dafa shi, ko?"

"Ba a dafawa, Inna."

"To sauko da shi ki karanta. Ko cikin nan ya ji ana magana ya yi shiru."

Haka aka fara. Masu rubutu na da can suna da dabara: a gindin kowane falle sukan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Sai na baza su a tabarma, na danne da tsakuwa saboda iska, in ɗauki ɗaya in duba gindinsa, in shiga neman ɗan'uwansa a cikin tulin. Ba ka gane na wane littafi ne sai ka karanta, don haka duk abin da hannuna ya faɗa a kai shi nake karanta wa Inna. Yau magani, gobe taurari, jibi hukuncin alwala.

Na fiƙihu shi ya fara ɓata mini rai. Na faɗa a babin zakka: in kana da raƙuma kaza ka fitar da kaza, in hatsinka ya kai awo kaza ga abin da ke kanka. Ina karantawa ina jin kamar da gayya aka rubuta. Inna ta ce, "Madalla. Bana dai ba a binmu komai, wuce gaba." Amma daga baya na tarar da inda aka yi maganar wanda ya rasa ruwa, da wanda yunwa ta matsa wa, da sauƙin da aka yi musu. Nan na huce. Na ce ashe wanda ya rubuta ya san akwai irinmu.

Na likitanci kuwa azaba ne. Kowane ciwo, a samu zuma, a samu man shanu, a haɗa da nonon da aka tatso da ɗumi. Miyau ya cika mini baki har karatun ya sarƙe. Inna ta ce wannan likita da zai zo Ɗanzomo bana da shi ma ya kwanta. Na nahawu ban taɓa sonsa ba tun ina gaban mahaifina, kuma yunwa ba ta sa na so shi ba. Duk misalin da za a kawo, wani mutum ne ke dukan wani. Inna ta ɗauki abin da zafi. Kullum na ci karo da falle irin wannan sai ta ce, "Har yanzu? Wai ba manya a garin nan da za su raba su?"

Akwai wata doguwar waƙar wa'azi da Hausa, ta mutuwa da kwanciyar kabari. Baiti kaɗan na yi Inna ta ɗaga hannu. "Ajiye wannan. Baƙuwar da ke zagaya unguwa kullum ba sai an kwatanta mana kamanninta ba." Ni kuwa na karance ta ni kaɗai, kuma abin mamaki ba ta tsorata ni ba, sai ma na ji zuciyata ta ɗan sauka. Wadda muka so gaba ɗaya ita ce ta begen Annabi. Wannan in na rera, maƙwabta sukan leƙo ta kan danga, da haka mata suka fara zuwa suna zama. Ba wanda ke da abin girkawa, ba abin da ke hana su.

Cikin masu zuwa akwai Daso, wata Bafulatana da ta manyanta, daga rugar da ke arewacin gari wajen hanyar Maigatari. Da can ita ke kawo mana nono, ita da Inna kullum cikin tsokanar juna suke a kan ciniki. Shanunsu sun zube a shekarar, abin da ya rage mata akuya ɗaya ce mai ɗan ruwan nono. Ranar da ta fara zuwa na dace da wasu fallaye na ajami da ban san mahaifina na da su ba. Wani mutum ne, bai ko rubuta sunansa ba, yake ba da labarin tafiyarsa Makka a ƙasa: yadda suka ratsa Barno, yadda suka yi noma a hanya don su sami guzuri, garin da aka sace masa takalmi, da wata tsohuwa da ta ba shi ruwa ba ta jin harshensa. Ban taɓa son wani littafi kamar wannan ba. Mutumin matsoraci ne, kuma bai ɓoye ba, ga mita, ga son abinci. In ina karanta shi sai in manta da cikina.

Daso ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmar. Ashe mijinta ya bi wannan hanya tun tana goyon autarta, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk garin da aka ambata sai ta ce, "Tsaya, 'yar malam. Can ma akwai rijiya? Mutanen can suna karɓar baƙo?" In ce mata haka ya ce. Sai ta gyaɗa kai.

Washegari ta zo da ɗan ƙoƙo an rufe da faifai. Ba ta dube ni ba, ta ajiye a gaban Inna ta ce, "Ga na 'yarki." Nonon akuya ne, bai fi cikin ludayi biyu ba. Ta san ba zan iya roƙo ba, ba kuma zan iya godiya ba, kunyar ɗan fari a wajensu ta ma fi tamu tsanani. Na sunkuyar da kai a kan fallayen ina jin ƙarar haɗiyar yarinyar, rubutun ya dushe a idona. Daga ranar kullum Daso na zuwa da ƙoƙonta, ni kuma kullum ina tono mata mai tafiya Makka daga cikin tulin.

A lokacin yarinyar ta riga ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Anza ba ta zama mata a ciki, nonon nan shi ke riƙe da ita. Ni kuwa ba dare ba rana tunanina na ƙarƙashin gadon Inna. Na san in aka fasa tulun za mu sha kunu na 'yan kwanaki, sannan ruwa ya sauka ba mu da abin zubawa a rami, mu bi sahun waɗanda suka ɗaure kaya suka bar gari. Na san haka sarai. Amma in na saci kallon yarinyar sai in ji ban damu da baɗi ba. Sai dai ba ni da bakin cewa a fasa.

Akwai littafin taurari a cikin fallayen, mai faɗin tauraron da in ya fito ruwa ke biyo shi. Na ɗora rai a kansa sosai. Tauraron ya fito, sama ta yi tas kamar an wanke ƙwarya. Inna ta ce, "Mai littafin nan ba ɗan ƙasar Gumel ba ne." Daso ta ce a ba shi uzuri, shanu ma bana sun shinshina iska sun yi ƙarya.

Na yi ta jan labarin mai tafiya, ina sa fallen nahawu ko na magani a tsakani, amma komai jansa sai da ya zo ƙarshe. Mutumin ya haye babban kogi, ya ratsa duwatsu, ya iso bakin teku. Ya ce bai taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare ba, ya zauna a kan yashi tare da jama'a suna jiran jirgi. A gindin fallen ga kalmar da na gaba zai fara da ita. Na juye tulin nan kaf, na sake juyewa, babu fallen da ya amsa. Gara ta cinye.

"Sai me ya faru?" in ji Daso.

"Goggo, iyakarsa ke nan. Sauran babu."

Ta dubi takardar a hannuna. Sannan ta ɗauki ƙoƙonta ta fita ba sallama. Washegari ba ta zo ba, haka wanshekare.

Yarinyar ta kai ko kuka ba ta iyawa, sai dai ta buɗe baki. Da hantsi Inna ta fito daga ɗaki tana dogara bango, ta jefo mini fartanya. "Janye gadon ki tono."

Na tsaya ina kallonta.

"Na ce ki tono. Gona ba ta fi mai cin ta ba."

Na tono. Na fito da tulun tsakar gida. Inna da kanta ta sa dutse ta ɓantare yumɓun, ƙanshin gero da toka ya bugo mu, har jiri ya ɗebe ni. Ta kwance yarinyar daga bayanta ta miƙo mini ta ce, "Karɓi 'yarki ki riƙe, in dama mata." Tun da aka haife ta ban taɓa jin kalmar nan daga bakin Inna ba. Na karɓe ta a tsakar gida, rana tsaka, na rungume. Ba ta fi nauyin kaza ba. Na yi kuka ban ɓoye ba.

Inna ta ɗebi tafi ɗaya ke nan ta zuba a turmi, sai muka ji kukan akuya a ƙofar gida. Daso ce, da ƙullin kayanta a ka, da igiya a hannu. Ta ga yarinya a ƙirjina, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Sannan ta ga tulun.

"Kai, Inna! Tsufa ya kai ki ga cin iri?"

"Da kin zauna a rugarki ki ga abin da ya kai ni."

Daso ta ɗaure akuyar a turken jakinmu. Ta ce mutanensu sun tashi sun yi kudu da 'yan shanun da suka rage, kwanakin nan rigimar da ake yi ke nan, su a dole sai ta bi su, ita kuma ta ce ƙafarta ba za ta kai ba. "In akwai inuwa a gidan nan, ga ni ga akuya. Wanda ke turmi a dama wa yarinya. Sauran a mayar da yumɓu."

Na ce, "Goggo, labarin fa ya ƙare."

"Na sani. Na tafi na yi tunaninsa. Gara da ya tsaya a nan, 'yar malam. Da can in na tuna mutumin gidana, ban san inda zan ajiye shi ba. Yanzu na sani. Yana bakin ruwa cikin jama'a yana jiran jirgi." Ta zauna ta miƙe ƙafa. "Sauran takardun ai suna nan. Nemo mana wannan mai dukan mutane, mu ji ko ya gaji."

Inna ta kwaɓa sabon yumɓu ta liƙe tulun. Daga ranar muka zama masu yi wa akuya bauta. Ganyen aduwa, kwasfar gawo, duk abin da muka samo sai ta fara ci kafin mu. Yarinyar na sha safe da yamma, ba ta yi ƙiba ba, amma ta fara bin kaza da ido, da a ce akwai kaza. Ni kuma na ci gaba da karatu, har fallayen suka rabu gida-gida, kowane littafi na ɗaure shi da zare.

Ruwa ya zo wata rana da la'asar. Iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, akuya ta hau tsalle a turke, na ruga na tattare takardu na cusa a randar da ba komai. Sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a ciki mu huɗu, ba wanda ya nemi mafaka. Da gari ya waye Inna ta sa yatsa a ƙasa, laima ta wuce tsawon hannu. A nan ta fasa yumɓun da bismilla.

Maza ba su dawo ba tukuna, don haka ni na ɗauki sungumi ina sara, Inna da Daso na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Daso ba ta taɓa shuka ba a rayuwarta, tana zubawa kamar mai ba kaji tsaba, Inna na bayanta tana faɗa tana tsincewa. Matan da ke zuwa jin karatu suka taya mu, Inna ta ɗibar wa kowacce ɗan abin da za ta sa a bayan gidanta. Maigida ya dawo ana noman fari, ba jaki, da ɗan buhun dawa a kafaɗa, ya tsaya a bakin gona yana kallon tsiro kamar bai san gonarsa ba. Kafin gero ya nuna mun sha wuya, tafasa da rama muka yi ta ci, amma wuyar mai kallon gona kore daban ce.

Daso a gidanmu ta ƙare kwanakinta, kabarinta na kusa da na Inna, ina jin har yanzu suna can suna musu. Littattafan suna nan a akwatina. Na sha karanta wasu bayan su, masu kyau da marasa kyau, amma ba wanda na sani ciki da bai kamar waɗannan guntaye.

Jiya da na ba Rabi labarin nan ta ce in ɗauko mata na mai tafiya Makka. Ajaminta bai nuna ba, sai na karanta mata fallen ƙarshe da ka. Ta ce, "To sai me ya faru, Kaka? Ya hau jirgin?" Na ce ta tambayi gara.

Muna cikin haka sai ga yarinyar ta shigo, da furfurarta da jikokinta biyu a baya. Har yau ban kiran sunanta, ita kuma Yaya take ce mini. Geron da muke shukawa jikan na tulun nan ne, kuma ita ke ajiye irin yanzu. Ta ce, "Yaya, yaran nan sun dame ni, wai tunda ruwa ya ƙi, a ɗebi kaɗan a yi musu fura, in ya so a sayi wani a kasuwar Maigatari."

Na ce, "Ke me kika ce musu?"

Ta zauna a gefen tabarmar, kusa da ni har kafaɗarmu na haɗuwa. Ta ce, "Na ce wanda ya taɓa shi ya taɓa ni."